Dutsen Gishirin Awaki

Ke Zekiye, dakata. Shayina kika sha, kujerata kika zauna, sannan ki ce na kashe wa ɗana kasuwa? Don kina ƙanwar marigayi mijina ba shi ne za ki yi min shari'a a tsakar gidana ba. Kina wurin? Ba kya nan. To rufe baki ki ji yadda aka yi.

Durmush ɗana ne, ni na haife shi, ba sai kin tuna min ba. Tun bara yake zuwa da zance ɗaya: a tumɓuke ɓauren nan da rumman, a rushe garken awaki, a kafa rumfunan leda na tumatir kamar na kowa a kwarin nan. Ni kuma a kwashe ni sai birnin Fethiye, saman bene, in zauna a taga ina kallon motoci kamar kyanwar da aka kulle. Na ce a'a. Ya ce, "Inna, ƙafarki fa." Na ce ƙafata ta kai masa ƙara ne? Bai ji ba. Ana gama hutun Sallah sai ga motar haƙa ƙasa a bakin gona, da direbanta, wani Hakki mai gashin baki kamar tsintsiya.

Ranar kuwa ƙanwarsa Nurhayat ba ta koma Ankara ba tukuna. Kin san aikinta? Ba ki sani ba, kina dai cewa "malama, malama." Ni na tambaya na ji. Mutanen da suka sassaƙa kaburburan nan a jikin dutse saman ƙauye, wai su ne 'yan Likiya. Akwai wasu can arewa da mu, 'yan Lidiya. Akwai waɗanda suka girme su, wai Luwi. Duk sun mutu, ba wanda ya bar ko jika mai jin yarensu. Ita sai ta ɗauko kalmar wannan ta ajiye kusa da ta wancan tana duba kama, kamar yadda kuke yi in an haifi jariri: hancin uban ne, a'a kunnen kakar ne. Wai waɗannan suna ce wa uba tedi, waɗancan taada, na ukun tati. Na ce mata, "Duk shekarun nan kina karatu don wannan? Leƙa gidan maƙwabta, jaririnsu zai faɗa miki kyauta." In sun gama jerawa kuma sai su ƙago kakar kalmomin, wadda ba mahaluƙin da ya taɓa ji da kunnensa, su rubuta ta su manna mata alamar tauraro a goshi. A kan wannan ake ba ta albashi, Zekiye. Albashi!

To, kin san falalen dutsen nan na gefen kwamin ruwa, wanda nake zuba wa awaki gishiri a kai. Kin kuma san abin da kowa yake yi a kwarin nan in garma ta ci karo da dutse mai rubutu: a kife shi, a yi shiru. In ba haka ba mutanen gwamnati su zo su kafa turaku, daga nan ko ramin masai ba ka isa ka haƙa ba sai da izini. Wannan ɗin yayanki ne ya kife shi, shi da mahaifinku, shekarar da aka kawo ni gidan nan. Ba a haifi Durmush ba.

Hakki ya tada mota, ƙasa na rawa. Na fito da sandata na ce, "Hakki ɗana, kafin ka fara, mirgina min dutsen nan gefe. Awakina sun saba da shi, in an kai su gidan maƙwabta a kai musu abinsu."

Da kin ga fuskar Durmush! Ya zaci na sauko. Har hannuna ya sumbata. Shi da kansa ya tsaya yana ba da umarni, "Ɗaga! Ƙara! Juya shi!" Ni kuwa na riga na ce wa Nurhayat ta kawo wa maza shayi waje, kunya ce a bar baƙo yana aiki baki a bushe.

Dutse ya juya. Tire ya faɗi. Kofunana masu bakin zinare, na aurena, duk suka tarwatse, yarinyar nan ko kallonsu ba ta yi ba. Ta durƙusa cikin kashin awaki tana share laka da gyalenta.

Durmush ya ce, "Hakki, mayar da shi yadda yake."

Ta ce, "Taɓa shi ka gani, Yaya."

"Ke, tashi! Gonar ubanki ce ko makarantarku?"

"Gonar ubana ce, shi ya sa nake durƙushe a ciki."

"Kin san abin da na zuba a aikin nan? Leda na saya, ƙarfe na saya!"

"Sai ka yi wa kanka rumfa ka shiga, ko ka nuna."

Tana faɗa tana ɗaukar hoto da waya. Hakki ya dubi wayar, ya dubi dutsen, ya kashe mota. Ya ce, "Durmush, ni da 'ya'ya. Motar nan ita ce cinmu. Ban ga komai ba, amma ba zan ƙara taɓa komai ba." Ya nemi inuwar ɓauren da ya zo tumɓukewa ya zauna. Na sake dafa masa shayi a kofin roba.

Kafin la'asar malamin Nurhayat ya iso daga inda suke tonon kayan tarihi wajen garin Kinik, wani tsoho mai sanƙo, hula a hannu, tare da wani ma'aikacin gidan tarihi. Ba gaisuwar kirki, sai dutse. Suka kwanta rub da ciki kamar masu neman allura. Yawancin rubutun wai sun san shi: wane ya gina wa matarsa da 'ya'yansa kabari, kada wani ya cusa gawarsa ciki. Amma akwai kalma ɗaya tal da ba su taɓa gani ba. Tsohon ya ce 'yar'uwar wata kalmar Luwi ce, rantsuwa kawai bai yi ba. Nurhayat ta ce ina, dubi gindinta, dangin ta Lidiya ce. Ya ce ba ta da kunne. Ta ce shi ba shi da ido. 'Yata, da ko farashin albasa ba ta iya tayawa, tana sa'insa da mai furfura a kan maganar da mai ita ya zama ƙasa tun kafin a san ƙasar nan da masallaci.

Durmush yana zaune bakin kwami, kai a ƙasa. Na kai masa miya da burodi, bai ci ba. Kada ki ce ban ji tausayinsa ba, na ji. Ɗana ne. Amma ledarsa ba ta ruɓewa, akwai gonar surukinsa can gangare, ya je ya shimfiɗa. Ni in aka tumɓuke ni, a ina za a sake dasa ni?

Da suka tafi Nurhayat ta tsaya tana kallona ta gefen ido. Ta ce, "Inna, tun yaushe kika san da rubutu a ƙarƙashinsa?"

Na ce, "Ni da ko sunana ban iya rubutawa ba? Me na sani?" Sai na ce, "Wai irin kalmar nan, yaushe kuke gama gardama a kanta?"

Ta ce akwai wadda ake ja a kai tun kafin a haife ta, har yau ba a daidaita ba.

Na ce, "Allah ya ƙara muku basira, a hankali dai."

Me kika ce? Za su ɗauke dutsen su kai gidan tarihi, su cire turakunsu, Durmush ya dawo da motarsa? Su ɗauka mana, Zekiye, Allah ya raka taki gona ba zan ce ba, ya dai kai su lafiya. Kalma ɗaya tana cinye musu shekaru fiye da waɗanda suka rage min a duniya. Kuma kin ga dutsen da ke ƙarƙashin tanderu? Kin ga na dokin ƙofa? Kin ga wannan da kika ɗora ƙafarki a kai tun ɗazu? Ɗaya bayan ɗaya zan juya su. Ɗauke ƙafarki, kada ki goge wa yarinya albashi.