Ranar da Ajuma ta Daina Cewa Sannu

Duk wanda ya zauna unguwarsu Zalihatu a Dogon Dutsi ya san shigowar Ajuma mai nono, don tun daga zaure take fara neman magana. Ajuma Bafillatana ce daga rugar bayan gari, Zalihatu kuwa 'yar Arawa, ga tsagenta nan daga baki har kunne. Tsakanin Fulani da Arawa akwai wasan taubasantaka tun kaka da kakanni, su biyun nan kuwa sun riƙe shi kamar sana'a.

"Ina baiwata? Hito ki sauke ma uwargijiyarki kaya," in ji Ajuma.

"Wa ka sauke ruwan rijiya?" Zalihatu za ta amsa daga madafa. "Nonon naki ko mage ba ta lasa."

A haka suka aurar da 'ya'ya, a haka furfura ta fara leƙo musu.

Sai ga ciwo ya zo. Likitoci a Yamai suka ce sankarar mama ce. Aka yi wa Zalihatu aiki, aka ɗora ta a kan maganin nan na ƙarin ruwa da ake kira shimiyo, wanda sai ta riƙa komawa ana sa mata. Magani ne mai aiki, sai dai ba shi da ladabi ko kaɗan. Duk abin da ta kai baki sai ta ji kamar ƙarfe ta lasa. Ga amai, ga miki a baki, farce ya yi baƙi, gashi kuwa ya bi mataji ya tafi abinsa.

Gida ya yi tsit. Mijinta Malam Sallau, tela mai surutun da ke rufe ƙarar kekensa, ya koma magana ƙasa-ƙasa. Maƙwabta su shigo da sanɗa, su ce sannu, su fita suna girgiza kai. Ajuma ma da ta ga ƙawarta ta rame sai idanu, gabanta ya faɗi, bakin nan mai kaifi ya mutu murus. Ta durƙusa ta ce, "Sannu, Zalihatu. Allah shi ba da lahiya." Da aka gaya mata likita ya ce sai an tafasa madara kafin a kwantar da nonon da mara lafiya za ta sha, ko musu ba ta yi ba. A da kam, wanda ya ce zai koya wa Ajuma aikin nono sai ya kwashi kashinsa a hannu.

Kullum ta zo, kullum sannu. Ita a ganinta kirki take yi.

Wata safiya Fadila, autar Zalihatu, ta tare ta a zaure, idanunta sun yi ja.

"Inna Ajuma, Mama ta ce ba ta komawa Yamai. Jibi na randebunta, ranar ƙarin ruwa, kuma lokotoron asibiti ya ce in anka tsallake, aikin baya duk shi lalace. Baba ya yi lallashi har ya gaji."

"Mi yah hana ta?"

"Ke ta." Fadila ta sunkuyar da kai. "Ta ce tunda har ke kin bar zaginta, to an gama da ita, ɓoye mata akai. Ta ce don mi za ta wahala a mota."

Ajuma ta tsaya da ƙwarya a ka, kunya da tsoro suka rufe ta. Ashe garin neman gira tana shirin rasa ido. Ta ja numfashi, ta share fuska da gefen zane, ta ɗaga murya yadda har maƙwabta za su ji.

"Ina ragguwar baiwan nan tawa? Kwana takai har hantsi?"

Ta faɗa ɗaki ba sallama. Zalihatu na kwance ta juya wa ƙofa baya, kallabinta ya zame. Zuciyar Ajuma ta karye da ganin kan, amma ta daure.

"Kai, madalla da sabuwar ƙwarya. Ga sulɓi, ga faɗi. Ara mini in kai kasuwa, tawa ta tsage."

Malam Sallau da ke bakin ƙofa ya zaro ido, yana yi mata alama da hannu ta bari. Ajuma ba ta ko dube shi ba.

"An ce wai tsoron allura kikai. Dama na sani, Arawa sai cika baki. Ɗan maraƙina ya hi ki zuciya."

Kafaɗar Zalihatu ta motsa. Ta juyo a hankali, ta ƙare wa Ajuma kallo sama da ƙasa.

"Ke da ko mota ba ki taɓa shiga ba sai amalanke, ke ka kiran wani matsoraci?" Muryar a dishe take, amma tsohuwar muryar ce. "Kuma kaina ya hi ƙarhin nononki. Sai dai ki zuba ruwan da kika saba."

"To mu tahi tare jibi, a ga mai tsoro."

"Mu tahi. Miƙo hurar in ji ko yau kin yi abin kirki."

Ta sha ludayi uku, ta ce tsami ya yi yawa, ta ƙara biyu. Malam Sallau ya koma kan kekensa, kafin azahar an ji shi yana musun kokawa da maƙwabci. Ita kuwa Ajuma sai da ta kai bayan gari, inda ba kowa sai shanu, sannan ta zauna ta yi kukanta ya ishe ta.

Ranar tafiya Ajuma ta zo tasha da adonta, tana taƙama. Fadila ta haɗa wa mahaifiyarta guzuri, har da lemun tsami da ledoji saboda amai. Babbar mota ta ɗauki hanya, itatuwa suka fara gudu da baya, cikin Ajuma ya bi su. Tun ba a kai Dosso ba ta gama da ledojin mara lafiya, ta shanye mata lemu, tana salati tana roƙon a sauke ta ta ƙarasa da ƙafa.

Zalihatu ta yi dariya har da hawaye, dariyar da rabonta da ita tun kafin aiki. Sannan ta tallafe goshin ƙawarta da hannun nan mai baƙin farce, ta sassauta murya irin ta masu zuwa dubiya.

"Sannu, Ajuma. Allah shi ba da lahiya."

Ajuma ta ɗago ido da ƙyar ta harare ta. Duk tsawon zamansu Zalihatu ba ta taɓa yi mata zagin da ya yi mata daɗi kamar wannan ba.