Kujera Ɗaya, Tsofaffi Biyu

Merv Hanlon ya shigo ɗakin watsa shiri ranar Asabar ya tarar an juya kujeru. Tun da aka buɗe ɗan gidan rediyon garin, a saman shagon kayan noma, shi da Sal Zammit kafaɗa da kafaɗa suke zama, suna kallon gonakin rake ta taga. Yau kujerar Sal ta koma ɗaya gefen teburin, tana fuskantar tasa.

"Wa ya taɓa kujerun nan?"

"Ni na sa aka juya," in ji Sal, idonsa ƙyam a kan bakin Merv. "Na gaji da kallon gashin kunnenka. Gara in riƙa ganin fuskar gaba ɗaya, in san da me nake fama."

Merv ya yi dariyar da ba ta wuce leɓe ba, ya zauna. A ransa ya ce ruwa ba ya tsami banza.

Shirin nasu ba wani abu ba ne illa musu. Tun suna samari faya-fayen kiɗan rok-an-rol suka iso wannan lungu na arewacin Queensland ta ƙasar Ostareliya, kuma tun lokacin suka raba gari a kan mawaƙa biyu 'yan Amurka. Merv na Lonnie Tarrow ne, mai ƙarajin da ke tayar da kare daga barci, wanda mota ta kashe da ƙuruciyarsa. Sal kuwa na Royce Mabry ne, mai murya mai kauri da sanyi, wanda ya daɗe a duniya har ya yi tumbi, ya ƙare da tallar katifa a talabijin.

"Naka ya mutu ne kafin asirinsa ya tonu," Sal yakan ce. "Ihu ai ba waƙa ba ce. Ko akuya ta iya."

"Naka kuma ya rayu har ya binne kansa da ransa. Wane yaro ne ya taɓa ɗaukar jita saboda mai katifa?"

"Wace amarya ce aka taɓa yi wa rawar biki da kukan akuya?"

Haka suke yi duk mako, mata suna guga suna dariya, direbobin injin yankan rake suna buga sitiyari. Ba wanda ya taɓa sallamawa, kuma garin ba ya so a sallama.

Sai ga Rhonda Pike, manajar gidan, da saƙon kwamitin gidan rediyon. Da zarar an gama yankan rake za a rage shirin, a bar mutum ɗaya yana sa faifai, sauran lokacin a ba wa matasa. Ba a riga an zaɓi wanda zai tsaya ba. Tun da matar Merv ta rasu, Asabar ce kaɗai ranar da yake aske gemu ya sa riga mai guga.

Daga nan ya sa wa Sal ido, kuma mai neman laifi ba ya rasawa. Ya buga masa waya, ba a ɗauka ba. Ya kira shi daga tsallaken titi a gaban gidan burodi, Sal ya wuce abinsa ko waiwaye babu. An ga motarsa ta nufi birnin Townsville ranar aiki, da ya dawo bai ce ga abin da ya kai shi ba, shi da ko sabon takalmi ya saya sai gari ya ji. Ya bar zuwa mashaya ranar Juma'a, wai hayaniya ta yi yawa, mutumin da ya yi rayuwarsa kaf a cikin rugugin injin matse rake. A cikin shiri ma ya sakar wa Merv kiran masu sauraro, ya ce maƙogwaronsa ke ciwo. Abin da ya fi ci wa Merv rai shi ne ranar da ya hango shi a ofishin Rhonda, ƙofa a rufe, ta dafa hannunsa tana gyaɗa kai. Biri ya yi kama da mutum.

"Me kuke ƙullawa ke da Sal?" ya tambaye ta a bakin matakala.

"Tambaye shi mana, Merv. Ba abokinka ba ne?"

"Da dai."

Bai tambaye shi ba. Girman kai ya hana, da tsoron amsar. Sai ya koma nazarin abokin hamayya, ya kuwa gano wani abu da ya faranta masa mugun rai: Sal ya daina sauraron faifai. Hadda yake kawowa. Zai dubi kwalin, ya jira jan fitilar da ke nuna an buɗe makirfo ta kama, ya zuba maganar da ya zuba bara da bara waccan. Hankalinsa yana can wajen kujerar da yake shirin cinyewa. To, in kwamiti na son sanin wa ke riƙe da shirin da gaske, Merv zai nuna musu a bainar jama'a.

Asabar ta gaba ya riga kowa zuwa. Ya zare faifan Royce daga kwalinsa, wata waƙar rabuwa mai tafiyar hawainiya da Sal yake ji da ita, ya zura na Lonnie a ciki, mafi zafin duk abin da marigayin ya taɓa yi. Garmahon a gefen Merv yake, sai ya jawo tarin kwalaye ya kare shi.

Shiri ya yi nisa, an taɓa musu an karanta gaisuwa. Merv ya ɗaga kwalin sama yadda Sal zai gani, ya yi murmushi.

"Don kada a ce na cika son kai, ga mutumin Sal nan. Ku gyara matashi, barci ya zo."

"Ku buɗe kunne dai ku ji yadda ake waƙa," in ji Sal.

Allura ta sauka. Ganga ta fashe, jita ta biyo ta a guje, Lonnie ya kwarara ƙarajin nan nasa har abin sauraron da ke kunnen Merv ya yi ƙara. Merv ya jingina, yana jiran ya ga Sal ya zabura ya zage shi, ko kuma ya ga ya shagala da duba agogo. Ko wanne ya yi, an kama shi.

Sal bai yi ko ɗaya ba. Ya gyara abin sauraron a kunnensa da hannu biyu, ya lumshe ido. Sannan ya fara rausaya a hankali, dama da hagu, kafaɗunsa suna bin wani kiɗa mai sanyi da babu shi a ɗakin. Leɓunansa suna motsi da kalmomin waƙar rabuwa. Da ya zo inda Royce yake sauke murya ƙasa, sai ya sauke haɓarsa, ya dafa ƙirji. A kunnen Merv kuwa Lonnie yana ta tsala ihu.

Wannan ba mutumin da hankalinsa ya tafi wani wuri ba ne. Duk hankalinsa yana nan. Merv ya tuna wayar da ba a ɗauka ba, da titin gidan burodi, da idon nan da ke manne da bakinsa. Ya ce a hankali, hannunsa a kan baki, "Sal." Ya sake cewa da ƙarfi. Sal yana ta rausayarsa.

Ya kamata ya bar makirfon abokinsa a kashe. Kafin tunanin ya iso hannunsa faifan ya ƙare, hannun kuma ya yi abin da ya saba, ya kunna jan fitila. Sal ya buɗe ido ya gan ta.

"Kun ji ko?" ya ce, muryarsa cike da alfahari. "Kun ji yadda ya kwantar da ita a ƙarshe, kamar uwa ta kwantar da jariri? Ba gaggawa, ba ihu. Wannan shi ne mawaƙi, jama'a. Duk wanda ya ji abin da na ji yanzu ya ce akwai na biyunsa, to a kai shi asibiti a duba masa kunne."

Fitilun wayar masu kira suka kama gaba ɗaya. Ta cikin gilashi Merv ya ga Rhonda ta miƙe tsaye, ta toshe baki da tafin hannu. Ya sunkuyar da kai ƙasa yadda ba za a ga leɓensa ba, ya matso da makirfo.

"Laifina ne, masu sauraro. Na haɗa wayoyi ba daidai ba, abin da kuka ji daban, abin da Sal ya ji daban. Tsufa ne. Ga labarin yanayi."

Ƙarya ce mara ƙafa, kuma ya san ba wanda ta ruɗa a garin da rabin mazansa suka yi aiki a gindin injin matse raken nan mai kashe kunne. Ya karanto zafi da iska ya sa tallar takin zamani. Sal yana dubansa, yana duban fitilun wayar da ba a ɗauka ba.

"Me ka ce musu da ka sunkuya?"

"Ba komai. Yanayi."

Sal ya miƙe ya zagayo teburin, domin ba ya yarda kowa ya mayar masa da faifan Royce cikin kwali. Merv ya kai hannu, amma ya makara. Sal ya ɗaga faifan ya juya shi wajen hasken taga, ya karanta sunan da ke tsakiya. Ya daɗe yana karanta kalmomi biyu.

"Tun yaushe?" in ji Merv, ya ɗaga fuska sosai don a gani.

"Tun bara kunnen ya fara mutuwa. Yanzu saura ɗan gunji." Sal ya goge faifan da hannun rigarsa, a hankali, kamar nasa ne. "Likitan Townsville ya ce abin ya wuce na'urar ƙara ji. Na roƙi Rhonda ta bar ni in kai ƙarshen yankan rake, in sauka da mutuncina, kujera ta zama taka. Ba na so gari ya riƙa yi mini magana da ƙarfi a kanti, Merv. Shi ke nan abin da nake so."

"Da ka faɗa mini."

"Da ka tambaye ni."

Ya miƙa masa faifan, ya ɗauki hularsa da kwalin Royce, babu komai a ciki. A bakin ƙofa ya tsaya ya juyo.

"Har yanzu ihun akuyar yake yi?"

Merv ya gyaɗa kai. "Har yanzu."

"Na sani," in ji Sal. "Ina son in ƙara jin sa sau ɗaya, in tabbatar."

Ya sauka matakala. Tallar taki ta ƙare, Rhonda ta ƙwanƙwasa gilashi tana nuna agogo, saura rabin shiri. Merv ya kunna jan fitila, ya buɗe baki, ya rasa wanda zai yi wa musu.