Kabewar da ta kwantar da shingen Direba

"To ki rantse mana, in ba da gangan kika yi ba," in ji Direba. Yana tsaye cikin ganye har gwiwa, silifas a ƙafa ɗaya.

Ƙanwarsa mai ɗinki ta ƙi rantsewa. Ta ce ita dai shuka ta yi, ta ba ta ruwa, sauran aikin iska ne. Ni kuwa, maƙwabciyarsu, ina saman benena, zane ɗaya na shanya na kwashe ya kai sau huɗu.

Gidan na iyayensu ne. Da uwarsu ta rasu suka raba tsakar gida biyu, kowa da ƙofarsa. Direba ya sayo ragar waya ya ja shinge, amma sai ya ɗan karkata shi yadda famfo zai faɗa ɓangarensa. Famfo ɗaya tak a gidan. Da ƙanwar ta yi magana ya ce ai ga na bakin titi can. Mace mai ciwon baya da 'ya'ya uku ta koma jidar ruwa a bokiti, alhali tana jin matar yayanta na wanke takalma, famfo na zuba a banza.

Ranar da ake kafa shingen tana kan kekenta tana kallo. Ta ga turakun na katako ne, ta kuma ga ba a zuba musu siminti ba, don Direba hannun jarirai gare shi. Ta ci gaba da ɗinkinta.

Bayan wata biyu ta hawo wurina neman iri. Wai tana son abin da zai lulluɓe shingen, ta huta da ganin abin da ke ɓata mata rai. Na miƙa mata irin fure mai hawa. Ta ce a'a, mai 'ya'ya take so, masu nauyi. Na dube ta, ta dube ni. Na ɗauko mata irin kabewa, na ƙara mata da gyara.

A gindin kowane turke ta binne uku-uku. Ruwan nan da take ɗaukowa da ciwon baya, safe da yamma sai ta tuttula shi a gindin katakon. Da yaɗo ya fito ta riƙa ɗaure shi a jikin waya da ƙyallayen ɗinki, ja da shuɗi, har ya kai sama. Shinge ya yi kore shar, masu wucewa suna yabawa.

Inda na sara mata shi ne lokacin fure. Duk furen da ta ga yana da ɗan ƙulli a gindi, wato wanda zai zama kabewa, sai ta sa yatsa ta tura shi ta ramin waya zuwa ɓangaren yayanta. Ko ɗaya ba ta bari a nata ɓangaren ba.

Direba ya ga tsuntsu daga sama gasasshe. Ya kafa doka cewa duk abin da ya rataya a gidansa nasa ne. Matarsa ta so ta tsinke su tun suna ƙanana, ya hana, wai sai kowace ta fi kan mutum girma. Har tsayawa yake a bakin shinge yana cewa, "Sannu da aiki, manomiyata." Ita kuma ta amsa da yawwa, Yaya.

Yau da hantsi aka yi ruwa da iska, ba ma wani mai ƙarfi ba. Turakun da suka sha jiƙo wata huɗu suka karye daga gindi, shinge ya kwanta gaba ɗaya a inda nauyin yake. Motar haya da Direba ke ci da ita tana ajiye kusa da famfo, zai wanke ta. Babbar kabewar, wadda yake nuna wa baƙi, ita ta shiga ta gilashin gaba ta zauna a kujerarsa.

Direba ya ce sai ƙanwar ta biya gilashi. Ta tambaye shi kabewar wa ta fasa, tunda shi da bakinsa ya ce tasa ce, unguwa kowa ya ji. Ya ɗaga kai ya hango ni, ya ce, "Inna, ke shaida ce." Na ce ƙwarai, na ji lokacin da ya faɗa. Matarsa ta so ta sa baki, ya daka mata tsawa, ta ce da an bar ta ta tsinke da duk haka ba ta faru ba.

Ya ce gobe zai ja katangar bulo, a ga abin da zai hau ta.

"Ka ja, Yaya," in ji ƙanwar. "Kafin ka tara kuɗin gilashi, sannan na bulo, na sha ruwa na more."

Ta shiga ɗaki ta fito da bokiti biyu. Ta taka kan wayar, ta ratsa ganyen a hankali, ta wuce ta gabansa, ta buɗe famfo. Ta tsaya riƙe da ƙugu har na farko ya cika, ta janye shi ta tara na biyu, ta ƙwala wa 'ya'yanta kira su kawo baho.

Direba ya duƙa neman ɗayan silifas ɗin cikin ganye, bai gan shi ba. Ya cire na ƙafarsa ya yi jifa da shi, ya fice titi ba takalmi, ya buga ƙofar gida har ƙyauren ya dawo ya sake buɗewa.