Baba Direba Bai Bar Fasinja Ba

"Ni fa? Ko tawa ba waya ba ce?"

Injiniya ya waiwayo. Baba Direba ne ya yi maganar daga kujerar mai aski, an ɗaura masa ƙyalle a wuya, rabin kansa ya sha aska, rabi na jira. Shagon ya kwashe da dariya. Injiniya bai yi ba, don tun safe yake zagaye layin da 'yar takarda a hannu, sunaye goma sha ɗaya a jikinta, na goma sha biyu ya gagara.

Ba injiniyan gaske ba ne. A aji huɗu na sakandare ya bar karatu, ya kafa teburin gyaran waya a bakin titi, 'yan layi suka laƙaba masa sunan don tsokana har ya bi shi. Shekara ɗaya da rabi ya yi yana haɗa wani gem, wato wasan waya, a wata tsohuwar kwamfuta da ya tayar daga mutuwa. Gem ne na tuƙin bas: ka ɗebi fasinja tasha-tasha, ka kai su kafin lokaci ya ƙare. Masu kasuwar manhajoji suka ce ba za su karɓa ba sai mutum goma sha biyu sun gwada shi don sa kai, kowa ya buɗe shi kullum har kwana goma sha huɗu a jere. Mutum ɗaya ya tsallake rana ɗaya, a koma farko. Sau biyu abin yana rushewa a hannun abokansa masu mantuwa, kuma mai aski ya riga ya faɗa masa a gaban kowa cewa wannan karon ne na ƙarshe, ba wanda zai sake yarda.

Ya dubi tsohon da suke katanga ɗaya da shi tun yana rarrafe. Ya ce masa abin na yara ne, rubutun ƙanana ne, kuma kullum ake buɗewa ba fashi.

"Shekara talatin da ɗaya ina fita da bas ƙarfe biyar na safe," in ji Baba Direba. "Kai za ka koya mini kullum? Saka mini, ɗan nema."

Tun daga washegari, duk safiya Baba yana kan bencinsa a ƙofar gida, tabarau a kan karan hanci, ya riƙe wayar da hannu biyu kamar sitiyari, jikinsa na karkacewa in ya zo kwana. Sauran masu gwajin ba su wuce su rubuto "ya yi kyau" su koma harkarsu. Baba kuwa ta kan katanga yake ƙwala kira. Birkin ya cika ci, motar da ke cike da mutane ba ta tsayawa cak haka. Madubin hagu a karkace yake. Wane sakarai ne ya sa ake ba da maki in an wuce mota a kan kwana? Injiniya yakan ce to Baba, ya koma ɗaki yana ƙunƙuni, amma sai ya tsinci kansa yana rubuta maganganun a bayan kwalin waya.

Abin da ya ɗaure masa kai shi ne, har kwana shida Baba bai wuce matakin farko ba. Ƙanwar mai aski ma, da ba ta taɓa riƙe sitiyari ba, ta kai mataki na tara. Ran na bakwai ya zauna kusa da shi a benci ya zuba ido. Baba ya tashi mota a hankali, ya ɗauki na tashar farko, ya ɗauki na ta biyu. A tasha ta uku akwai wata 'yar tsohuwa mai kwando da Injiniya ya zana don cike wuri. Ya yi kuskure wajen saita tafiyarta, tana takowa kamar ba ta so, ƙofa kuma tana rufe kanta bayan daƙiƙa uku. Ba ta taɓa isowa ba. Kowa wucewa yake ya bar ta, maki ɗaya ne kawai. Baba sai ya taka birki ya tsaya, yana kallonta tana tahowa, har lokaci ya ƙare, jan rubutu ya fito cewa ya faɗi.

Injiniya ya yi masa bayani cewa kuskure ne, ba za ta taɓa shiga ba, ya wuce kawai.

"Ban taɓa tayar da mota alhali tsohuwa na tafe ba," Baba ya ce, bai ɗago ba. "Ba a wayarka zan fara ba. Ka gyara ƙofar."

Injiniya ya ce gobe. Goben ta zo ya sake cewa gobe. Gaskiyar ita ce tsoro yake ji kada ya taɓa wuri ɗaya wani wurin ya ɓalle ana tsakiyar gwaji. A ransa ya bar ta sai an gama.

Ran kwana na goma bencin ya wayi gari ba kowa. Da hantsi 'yar Baba, wadda layin ke kira Malama don tana koyarwa a firamare, ta iso da jaka a kafaɗa, fuskarta ba walwala. Ciwon ƙirjin Baba ne ya sake tashi. Injiniya ya yi mata sannu, ya wuce teburinsa, kuma abu na farko da ya yi shi ne duba jerin masu gwaji. Koren ɗigo goma sha biyu, kowa ya buɗe har da Baba. Ya yi ajiyar zuciya, sannan kunya ta kama shi.

Washegari ya shiga gaishe shi. Ɗakin na warin man zafi, fanka na juyawa da ƙara, tsohuwar hular aiki a rataye a ƙusa, kwalaben magani a jere kan kujera. Baba ya zabge a kwana biyu, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Wayar na jone da caji kusa da matashin kai, kuma can idon Injiniya ya fara sauka.

"Ni ka zo dubawa ko motarka?" Baba ya tambaya, muryar can ƙasa, dariya a gefen bakinsa.

Injiniya ya durƙusa. Ya ce Baba ya bar batun gem, ya ji da jikinsa. Tsohon ya yi kamar bai ji ba.

"Ta shiga?"

"Tukuna, Baba."

"To. Ina nan ina jiranta."

Bai buɗe teburinsa ba ranar, bai buɗe ba washegari. Wani mai wayar da ta faɗa ruwa ya yi ta bugun ƙofa har ya gaji. Ummansa ta leƙo ta ajiye masa abinci ta fita. Yana zaune gaban kwamfuta lokacin da ya ji motar haya ta tsaya a ƙofar maƙwabta, ya fito da gudu ya kama aka saka Baba a kujerar baya za a kai shi asibiti, ba nauyi ko kaɗan. Ya koma ya ci gaba. Ya sa ƙofar bas ta jira sai fasinja ya zauna, ya sa agogo ya tsaya muddin ana jira, ba zai ci gaba ba sai direba ya taka da kansa. Ran kwana na goma sha uku da la'asar ya tura gyaran zuwa wayoyi goma sha biyu.

Ran na goma sha huɗu, wajen ƙarfe takwas na safe, kuka ya tashi a bayan katanga.

Yinin nan Injiniya bai zauna ba. Shi ne ɗauko bencuna, shi ne kawo ruwa, shi ne nuna wa baƙi hanya. Bai duba jerin ba, don yana ganin ɗigon Baba na ranar ƙarshe ba zai yi kore ba. Bayan an dawo daga raka Baba makwancinsa, mai aski ya ja shi gefe ya raɗa masa cewa wayar tana jakar Malama, minti ɗaya ne, ya roƙa ya buɗe gem ɗin ya mayar, shi kansa marigayin ba zai so wahalar ta tafi a banza ba. Injiniya ya taka har bakin ƙofar ɗakin. Malama na zaune a ƙasa tsakanin mata, hular aikin babanta a kan cinyarta. Ya ce, "Yaya, Allah ya jiƙan Baba, ya ba mu haƙuri." Ya juya ya fito. Ya gaya wa mai aski a bar maganar.

Rana ta yi sanyi, mutane sun ragu, yana tattara kujeru, ya ji Malama ta kira shi. Ta fito da wayar a hannu.

Ta ce tun da aka kwantar da shi, kullum sai ya sa ta buɗe masa, ita ta riƙe, shi ya danna, har ma'aikaciyar jinya ta yi musu faɗa. Yau da sassafe ma ya nema. Da ƙyar yatsansa ke motsi, amma ya kai tasha ta uku ya tsaya.

"Matar nan ta hau, ta zauna. Ya daɗe yana kallo, ya ce yawwa. Na ce mu ci gaba? Ya ce a'a, a bar ta ta huta." Ta goge ido da gefen mayafi. "Ya ce kuma in gaya maka madubin hagu har yanzu a karkace yake."

Dariya ta kufce wa Injiniya. Malama ta saka masa wayar a hannu ta koma ciki.

Ya zauna a bencin Baba, a gefen da katakon ya yi santsi saboda zama. Ya kunna fuskar wayar. Bas ɗin na nan a tasha ta uku, injin na kaɗawa a hankali, agogo a tsaye. 'Yar tsohuwar na zaune a bakin taga, kwandonta a kan cinya. Cajin ya yi ja, saura kaɗan. Ya riƙe wayar da hannu biyu, bai taka ba.