Hoton da Fulgencio Ya Ɗauka

A garin Cochabamba ba a yin biki sai an raba wa dangi nauyi: wannan ya ɗauki kiɗa, wancan ya ɗauki zobba. Da auren Maribel ya tashi, uwarta Doña Herminia ta so a kira mai hoton bakin coci kamar kowa. Sai ƙanin mijinta, Fulgencio, ya ce nauyin hoto nasa ne.

Fulgencio bai daɗe da dawowa daga Buenos Aires ba, da gashin baki da wata 'yar kyamara rataye a wuya, ko wanka zai shiga da ƙyar yake cire ta. Wai ita ke saita kanta, ba a murɗa mata komai. Ya bi ya cika wa mutane kunne.

"Wannan ta fi ki ido, matar yaya," in ji shi. "Dannawa kawai ake yi."

Bayan biki Maribel za ta bi mijinta Sifen, ba ranar dawowa. Abu ɗaya uwar take so: fuskar 'yarta a bangon falo.

Ranar biki kuwa ya yi ta kai-komo, yana jera mutane bibbiyu, yana tsawa a gyara tsayuwa, kai ka ce shi ne angon. Takardar bayanin kyamarar ko buɗe ta bai taɓa yi ba. Da ya karanta, da ya san abin da ke tsakiya kaɗai take kamawa. In mutum biyu suka tsaya, sai ta bi ta tsakaninsu ta kama abin da ke baya.

Sai da jirgi ya tashi da Maribel aka wanko hotuna. Ango da amarya sun zama hayaƙi, tukunyar miya a bayansu ta fito tar. Herminia ta yi ta ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, har ta kai ga nata ita da 'yarta a ɗaki. Su biyu dishi-dishi, ba ido ba hanci. A tsakaninsu, cikin madubin kwaba, ga Fulgencio ya washe baki, ana iya ƙirga haƙoransa.

Ya ce laifin masu wanki ne.

Herminia ba ta da wani hoton, dole shi ta rataye. Kullum in kewar 'yarta ta taso mata ta ɗaga kai, Fulgencio ne ke yi mata dariya.