Wari a Gashin Bakin Fernand

Odile na tsakiyar jan zare, tana zura dogayen yankan hanji da tumbin alade da shi cikin fatar tsiran-aladen nan da ake kira anduyet, sai ga mijinta Fernand ya shigo rumfar ya sumbaci kumatunta. Hannunta ya tsaya cak.

Wari ne a gashin bakinsa. Warin anduyet na gasken gaske, mai bugun hanci kamar bayan garke, irin wanda kan sa baƙin Paris toshe hanci tun daga ƙofar kasuwar Troyes. Kuma ba nata ba ne. Ita ai shekara biyu ke nan tana wanke hanjinta sau huɗu, har da jiƙawa a ruwan tsami, don baƙi su daina yamutsa mata fuska.

"Daga ina kake?"

"Gidan waya."

"Oho, yanzu a gidan waya har mastad ɗin dangwala anduyet suke rabawa? Ga shi nan a wuyan rigarka."

Fernand, ƙaton banza, sai ya kama sosa ƙeya. Idonsa ne ya tona shi, don can tsallake ya waiga, rumfar Solange Morizot, wata mai anduyet ita ma, inda hayaƙi ke tashi mutane sun yi layi.

Kishi ya turnuƙe Odile. Da ma cewa aka yi neman matar yake, ai da sauƙi! Amma ya zauna ya ci na hannunta?

"Tun yaushe?"

"Tun bikin Ista. Laraba-Laraba kawai, na rantse."

"Shekara talatin da ɗaya ina ciyar da kai, tsohon munafuki, ka rasa inda za ka kai bakinka sai gaban rumfata?"

"Haba Odile, naki ma da daɗi."

"Rufe min baki. Faɗi gaskiya."

Ya sunkuyar da kai. "Naki kin wanke shi har ya mutu. Ba wari, ba komai, mutum kamar yana tauna tsumma. Nata kuwa..." Ya rage murya. "Irin na marigayi babanki ne sak."

Wannan ta soke ta. A hannun uban ta koyi jan zaren nan, a rumfar nan, kuma ba a taɓa haɗa sunansa da na kowa ba.

"Je ka sayo ɗaya," ta ce. "Kada ka kuskura ka ce ni na aike ka."

Ya kawo da zafinsa, ta raba biyu, ta juya wa kasuwa baya. Warin ya daki hancinta, ta gatsa, ta tauna a hankali. Ba ƙarya ya yi ba.

"Yaya?" in ji Fernand.

"Barkono ya yi yawa," ta ce, tana share ido da bayan hannu. Sannan ta jawo nasa rabin ma gabanta.