Mintin Mato

"In ka tahi Sakkwato ka sawo min, amma ko A'i kar ta ji sunanshi," in ji Mato maƙwabcina.

"In matar taka ta gan ni da ƙunshi hwa?"

"Ce mata minti ne."

Munka tafa. Tun da motarshi ta kihe da mutane a hanyar Doso, Mato bai ƙara runtsawa ba sai da ƙwayar da likitan masu taɓin hankali ya rubuta mishi. Shi kuwa gara mutuwa da Konni ta ce direba ya zare. Ni ɗan kasuwa ne, na ɓoye abin da ya fi wannan a gaban 'yan duwan, masu binciken kaya a kan iyaka. Sai in tsaya ƙofar gida in ɗaga murya: "Mato, ga mintinka!" Mu yi dariya. Ba mu taɓa duba wa ke saurare ba.

Wata Laraba bayan azahar, A'i ta leƙo ta katanga.

"Baba Isuhu, Mubaraka tun hantsi take barci. Har na ce yau na huta da ƙiriniyarta. Ga miyau na zuba, ta ƙi tashi."

Ɗiyar Mato ce, shekararta uku. Na saɓe ta, munka hau kabu-kabu sai gidan likita, iyayen na biye.

"Mi ta sha?" in ji likita.

"Minti ta ce ta tsinta ƙarƙashin matashin babanta," in ji A'i.

Likita ya dubi Mato. Ni na faɗi sunan ƙwayar, da ciwon da ake shanta dominshi, gaban layin mata masu awon ciki.

Kwana biyu yarinya ta farka tana neman koko. Mato ya juye sauran ƙwayar a masai.

"Isuhu, ka cece ta, ka tsiraita ni," ya ce. "Duka na gode."

Na roƙe shi ya koma ga magani, liman ma ya roƙa. Wata guda ba barci, sai yawo ba takalmi. Wata safiya motar albasa ta buge shi kusa da Tsarnawa, ya rasu.

Yarinya ta ci riba, bana ma ta shiga lakwal, makarantar boko. 'Yan tsegumi sun samu na mako biyu. Asara kuwa ta A'i ce. Har yau in za ta dama hura takan ɗebo dawo biyu, ta tsaya jim, ta mai da ɗaya cikin ƙwarya.